Yadda Ake Zaɓen Tsohon Katakon Cuku na Turai, a Gyara Shi, a Yi Ado da Shi, a Tarbi Baƙi

Katakon cuku na farko da na saya, da hannuna na kashe shi. A wata kasuwar bayan mota ce ta ranar Lahadi a arewacin Ingila, inda mutane ke buɗe but su baje tarkacen gidajensu. Wata tsohuwa ta sallama mini shi fam uku. Ja ne mai duhu, mai nauyi, yana ƙanshin kicin ɗin wasu. Ina isa gida na cika roba da ruwan zafi da garin sabulu, na tsoma shi na danne da tukunya, na ce ya kwana a nan duk wata dauɗar Turawa ta fita. Da asuba na tarar ya rabe gida uku, kowace tsaga a miƙe sambal kamar da rula aka ja ta. Sai a lokacin na juya bayansa na ga tambarin agwagi huɗu da haruffan IHQ da aka ƙona da wuta. Da na binciki abin da suke nufi, ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

Duk wadda ta tashi ta ga jeren kwalla da samira da tasoshi a ɗakin kakarta ba ta bukatar a yi mata dogon bayani kan dalilin da zai sa mutum ya tara kayan cin abinci don kallo. Turawa ma suna da nasu jeren, kuma katakon cuku yana cikinsa. A Faransa ana kawo cuku bayan babban abinci kafin kayan zaƙi, a Ingila kuwa al'adar da aka gada ita ce a kawo shi daga ƙarshe. Tiren da ake ɗora shi a kai shi ne abin da muke magana. Wasu na katako ne zalla, wasu da dutse ko tayil a tsakiya, wasu da murfin gilashi, wasu kuma na tangaran ne.

Da farko ki san danginsu

Idan ba ki san abin da kike kallo ba, mai kaya zai faɗa miki abin da ya ga dama. Gida huɗu ne za ki fi cin karo da su.

Na ƙasar Denmak su ne aka fi rububi. A 1954 wani Ba'amurke, Ted Nierenberg, da matarsa Martha suka haɗa hannu da wani mai zane ɗan Denmak, Jens Quistgaard, suka kafa kamfanin Dansk. Quistgaard, wanda ya rayu daga 1919 zuwa 2008, ya yi suna wajen aiki da icen tik. Dabararsa ita ce a yanka katakon sirara-sirara a manne su da gam gefe da gefe, kamar yadda ake haɗa gangar katako. Wannan ne ya sa nawa ya rabe a miƙe: ruwan zafi ya narkar da gam ɗin. Haruffan IHQ ko JHQ a bayan kaya farkon sunansa ne, agwagi huɗun kuma tambarin kamfanin ne na shekarun farko. Akwai wani kamfanin na Denmak mai suna Digsmed da ya yi irin wannan aiki a shekarun 1960. Daga baya, a shekarun 1970, aka cika kasuwannin Amurka da masu kama da su daga Tailan, masu sunaye irin su Goodwood da Dolphin, galibi da murfin gilashi. Waɗannan ba jabu ba ne, tik ne na gaske, sai dai an yi su da yawa, don haka ba su da tsada. Ni a ganina su ne suka fi dacewa da mai farawa, domin ko kin yi kuskure wajen gyara ba za ki yi kuka irin nawa ba.

Na Ingila kuma sarkinsu shi ne katakon ɓera. Robert Thompson kafinta ne a ƙauyen Kilburn da ke arewacin Yorkshire, an haife shi a 1876 ya rasu a 1955. Da icen ok yake aiki, yana feƙe fuskar katakon da gizago, shi ya sa idan kin shafa za ki ji tudu da kwari ƙanana kamar rairayin da iska ta bi ta kai. Sa hannunsa shi ne ɗan ɓera da yake sassaƙawa a jikin kowane aiki. Mu da muke kiran ɓarawo da ɓera abin zai ba mu dariya, a ce ɓera ne ke gadin cuku. Su kuwa sun ce asalin abin wata magana ce ta Turawa da ke kwatanta talaucin mutum da na ɓeran coci. Katakon nasa mai siffar ƙwai ne da mariƙi, daga nesa sai ki ɗauka allon makaranta ne. Masu gwanjo suna ɗaukar wanda ɓeran yake kan fuskar katakon a matsayin tsoho, wanda yake kan mariƙi kuma na bayan 1960. Kamfanin yana nan a Kilburn har yau yana yin sababbi, saboda haka ganin ɓera ba ya nufin tsufa. Wasu kafintocin yankin sun bi sahu da nasu dabbobin: Wilf Hutchinson da kurege, Peter Heap da zomo. Wadda ba ta son siffar abu mai rai a ɗakinta, sai ta nemi zagayayyen katakon burodi na zamanin Sarauniya Victoria, wanda ake yi da farin icen sikamo a sassaƙa zangarniyar alkama a bakinsa. An yi su da yawa a Sheffield, kuma suna ɗaukar cuku yadda ya kamata.

Na uku, tangaran masu murfi. Dogaye masu kama da ƙararrawa an yi su ne don cukun Stilton, wanda ake curawa dogo kamar turmi. Kamfanin Wedgwood, wanda aka kafa a 1759, ya yi masu shuɗi da fararen zane. Kamfanin Minton ya fito da tangaran mai sheƙi da launuka masu ƙarfi da ake kira majolika a babban baje kolin Landan na 1851, George Jones ma ya yi irinsa. Akwai ƙanana masu siffar yankan kankana da ɗan rami a saman murfin. Ramin ba aibu ba ne, don iska aka yi shi.

Na huɗu, na Faransa: faffaɗan farantin yumɓu da mariƙin kaba ko ƙarfe a tsakiya, da yawa daga garin Vallauris da ke kusa da Cannes, sai kuma katakan zaitun masu zanen jiki kamar an zuba madara a shayi. A gefe guda akwai na dutsen mabul da ake ɗaura wa siririyar waya ta yanka, waɗanda suka yi tashe a Amurka.

Bango ko tebur? Ki yanke shawara kafin ki biya

Wannan ita ce tambayar da nake yi wa kaina a gaban kowane mai kaya, kuma ita ce ta fi duk sauran muhimmanci. Katakon da za a rataye ana son sa da tabonsa da sawun wuƙarsa da duhun da shekaru suka ba shi. Ranar da kika kankare wannan kin kankare kuɗinsa. Wanda za a ɗora wa abinci kuwa dole ya zama mai tsabtuwa, fuskarsa a shafe, babu tsaga mai riƙe datti. Abu ɗaya da wuya ya yi aikin biyu. Garin neman gira ake rasa ido: mutum ya sayi katakon Thompson da kuɗi mai yawa, ya bi shi da samfefa don ya ci abinci a kai, ya wayi gari da katako irin na kowa.

Akwai kuma abin da ya shafe mu Musulmi wanda littattafan Turawa ba sa kawowa. A gidajensu kan katako ɗaya ake jera cuku da yankakken naman alade, ga kofin giya a gefe, har Ingilawa suna da al'adar zuba jar giya cikin cukun Stilton. Katako kuwa yana shan abin da aka ɗora masa. Hukuncin tsarkake irin wannan na malamai ne, ki tambayi wanda kika amince da shi. Abin da ni nake yi: duk wanda ya sha wuƙa har ya yi kwari, bango ne wurinsa. Mai lafiyayyar fuska nakan wanke shi sosai, sannan duk da haka in shimfiɗa takardar gashi kafin in ɗora abinci. Gilashi da dutse da ƙarfe ba su da wannan damuwar, wanki ya ishe su.

Yadda ake duba shi a kasuwa

Ko a kasuwar Portobello ta Landan kike ranar Asabar, ko Saint-Ouen ta Faris, ko babbar kasuwar Lille da ke ci a ƙarshen makon farko na Satumba, ko kuma gaban 'yan gwanjonmu da ke kwance dilar kayan kicin na Turai, dubawar ɗaya ce.

Juya shi tukuna. Fuska mai kaya ya riga ya shafa mata mai don ta ɗauki ido, bayan ne ke faɗin gaskiya. Tsohon katako bayansa yana da gogewa a inda yake taɓa tebur, gefunan sun yi laushi saboda hannu, launin bai zama ɗaya ko'ina ba. Idan tabon ya bazu daidai wa daida, har a lungun da wuƙa ba za ta taɓa kaiwa ba, to da gangan aka tsufar da shi.

Sai hanci. Kada ki ji kunya, kai shi fuskarki ki shaƙa. Tsohon tik yana da ɗan ƙanshi kamar na fata. Warin man da ya lalace yana nufin an daɗe ana shafa masa man girki, ana iya rage shi amma da wuya ya fita duka. Warin fumfuna, ajiye masa kayansa. Warin kananzir ko fenti ko maganin ƙwari, shi ma haka, don ba ki san abin da ya sha a garejin da ya fito ba.

Ɗora shi kan wuri mai shafe ki danna kusurwa. In yana rawa ya bankare. Ɗan kaɗan ba komai in na bango ne, amma murfin gilashi ba zai zauna a kansa ba. Ɗaga shi ki kalli rana ta bayansa, ki bi layukan gam ɗaya bayan ɗaya: inda haske ya ratso, nan zai buɗe da hunturu.

Nemi ƙananan huji masu faɗin milimita 1 zuwa 2, kamar an soka allura. Aikin ƙwaron katako ne. Ki ƙwanƙwasa shi a kan tafin hannunki ko baƙin mayafi. In gari mai haske ya zubo, ƙwaron yana ciki da ransa, kuma in kin kai shi gida zai koma kan gadonki da kabad. Hujin da ya yi duhu babu gari, tsoho ne, mai shi ya daɗe da tashi.

Murfin gilashi ki zagaya bakinsa da farce a hankali, farce yana jin ɓantarewar da ido bai gani ba. Sannan ki zaunar da shi cikin kwarin da aka fafe masa. In yana yawo ko ya ƙi shiga, aure aka ɗaura musu a shago, ba tare aka haife su ba. Tangaran kuma ki riƙe shi da yatsu ki ɗan buga da farce: lafiyayye yana amsawa da ƙara mai tsawo, mai ɓoyayyen tsaga ko wanda aka liƙe sai ki ji ƙwas a taƙaice.

Karanta tambari

Nan ne ake gane shekaru, kuma ba sai kin yi digiri ba. Dokar harajin McKinley ta Amurka ta 1890 ta tilasta a rubuta sunan ƙasa a kan kayan da ake shigarwa, shi ya sa tangaran mai ɗauke da kalmar "England" kawai yawanci daga 1891 ne zuwa gaba, mai "Made in England" kuma na ƙarni na 20 ne. Alamar lu'ulu'u mai kusurwa huɗu da haruffa a cikinta ta rajistar zane ce da Birtaniya ta yi amfani da ita daga 1842 zuwa 1883, daga 1884 aka koma rubuta "Rd No" da lamba. "Nippon" daga 1891 zuwa 1921 ne, bayan nan sai "Japan". "Occupied Japan" na shekarun bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne zuwa 1952. "West Germany" ba zai wuce tsakanin 1949 da 1990 ba. Kayan Dansk da aka rubuta wa Denmak sun girmi waɗanda aka rubuta wa Tailan ko Malesiya, kuma sun fi su daraja a wurin masu tarawa. Duk abin da kika ga an ce ana iya sa shi a injin wanke kwanuka ko na ɗumama abinci, ko yana da layukan nan da ake haskawa a kanti, to jiya-jiya aka yi shi.

A kan wuƙa, EPNS na nufin ruwan azurfa ne aka yi wa wani ƙarfe. Azurfar Ingila ta ainihi tana da hatimin ɗan zaki yana tafiya, ta wasu ƙasashen kuma lamba 925. In kin ga wani abu kamar ƙaramin shebur mai tsaga a tsakiya, mayankin cuku ne irin wanda Thor Bjørklund, kafinta ɗan garin Lillehammer na ƙasar Norway, ya yi wa rajista a 1925, bayan ya kwaikwayi abin kankare katako na sana'arsa.

Tambari ma ana ƙirƙirarsa, musamman ɓeran Thompson. Na ainihi daga jikin katakon aka fitar da shi, zanen icen yana ratsa shi ya wuce. In kin ga alamar gam a ƙarƙashin cikinsa, manna shi aka yi.

Ciniki

Kada ki auna da kuɗin da masu kaya ke nema a shafukan ciniki na intanet irin su eBay ko Etsy, kowa yana iya rubuta abin da ransa ke so. A eBay ana iya tace sakamako a ga waɗanda aka riga aka sayar da kuɗin da aka biya, wannan shi ne mudun gaskiya. In ta intanet za ki saya, nemi hoton baya, da na tambari kusa-kusa, da na gefe, da awon tsawo da faɗi. Mai kayan da ya ƙi turo hoton baya ya riga ya ba ki amsa. Ki lissafa kuɗin aikowa tun farko, domin dutsen mabul yakan ci kuɗin jirgi fiye da kuɗin kansa, murfin gilashi kuma sai an yi masa kwali biyu, ɗaya cikin ɗaya.

Abu biyu ki bar su ko da kyauta ne in za ki tsallaka iyaka da su. Wuƙa mai ƙotar hauren giwa, wanda aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989. Da jan icen nan na Brazil mai tsada, wanda yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin dabbobi da tsirrai masu shirin ƙarewa, ta sa a jerin mafi tsanani a 1992. Jami'an kwastan ba ruwansu da cewa ba ki sani ba.

Idan ya iso gida

Kada ya shiga kicin ranar farko. Sa shi a leda ki ɗaure, ki ajiye kan farar takarda a ciki, bayan mako ɗaya ko biyu ki duba ko gari ya zubo. In akwai ƙwaro, masu kula da gidajen tarihi daskarar da shi suke yi: a naɗe a leda babu iska, a sa a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili na mako biyu, a fito da shi a bar shi cikin ledarsa kwana ɗaya ya huce a hankali. Amma sai wuta ta tsaya tsawon lokacin. Inda ake ɗauke ta safe da yamma wannan dabara ba ta aiki, sanyin da ke zuwa yana komawa katakon kawai zai wahalar. Mai tayil ko dutse ko gilashi a jiki kuma ba a sa shi a firiza.

Wankin kansa ba ya wuce minti biyu. Goge ƙura da busasshen burushi, ki bi lungunan sassaƙa da tsohon burushin haƙori. Jiƙa tsumma da ruwa mai ɗumi da ɗigon sabulun wanke-wanke, ki matse sosai, ki goge bin tsawon zanen icen. Ki bi da wani tsumman mai ruwa zalla, sannan busasshe nan take. Fuska biyun duka za ki goge, domin in ɗaya ta jiƙe ɗaya ta bushe sai ya lanƙwashe. Jingina shi a tsaye a inuwa inda iska ke ratsawa, ya yi kwana ɗaya ko biyu. Ba a jiƙa shi, ba a shanya shi a rana, ba a kai shi kusa da murhu.

Na tebur in yana da wari, barbaɗa gishiri mai tsakuwa, ki raba lemon tsami biyu ki dirje da shi, ki bar shi minti biyar, ki kwashe ki goge. Lemon yana ɗan hasken katako, don haka kada ki yi wa na bango. Soson ƙarfe kuwa kada ya taɓa icen ok: ɓurɓushin ƙarfen yana haɗuwa da sinadarin da ke cikin icen ya bar baƙin tabo kamar tawada. In dole sai an yi samfefa, ki nemi mai laushi, lamba 220 zuwa sama, da hannu, bin zanen icen, kuma ki kauce wa tambarin baya kamar yadda ake kauce wa ido wajen wanke fuskar jariri.

Wanda ya rabe a kan layin gam yana gyaruwa. Kai wa kafinta mai haƙuri, ya kankare tsohon gam, ya sa na katako mai jure ruwa, ya matse shi kwana ɗaya. Ki ja masa kunne da babbar murya: ba ƙusa, ba banish. Nawa na farko haka aka ɗinke shi, yana rataye har yau da tabonsa biyu.

Shafa mai

Man gyaɗa, man ja, man zaitun, duk ki bar su a tukunya. Suna lalacewa a cikin katako su yi wari su yi danƙo. Wanda ake sayarwa a shagon fenti da sunan man tik kuma na kujerun waje ne, yana da sinadaran da ba na ci ba. Abin da ake so shi ne farin man farafin na sha, wanda ake sayarwa a kemis don taurin ciki. Ki lura, ba kananzir ba, don Ingilawa suna kiran kananzir da wannan sunan.

Zuba kamar cokali ɗaya, ki murza da tsumma mai laushi ko tafin hannu, gaba da baya da gefuna. Bar shi ya kwana, da safe ki goge abin da bai shanye ba. Busasshen katako zai sha sau biyu ko uku kafin ya ƙoshi. Gwajinsa ɗigon ruwa ne: in ya tsaya ya dunƙule, ya isa.

Daga nan sai man kaki, wanda za ki iya haɗawa da kanki. Kakin zuma kashi 1, farafin kashi 4. Zuba su a kwalba, ki tsayar da kwalbar cikin tukunyar ruwan zafi a kan wuta kaɗan har kakin ya narke, ki juya, ki sauke ya daskare. Zai yi kauri kamar man kaɗanya. Lakato kaɗan ki shafa, bayan rabin awa ki goge da busasshen tsumma har ya yi sheƙi mai sanyi. Masu sayar da zuma a kasuwa suna da kakin, sai dai ki narkar ki tace shi da ƙyalle tukuna.

Mabul abokin gabarsa tsami ne. Lemon da ruwan kal da tumatir suna cin fuskarsa su bar dusasshen tabo, ruwa da sabulu kawai ya ishe shi. Tsohon tangaran mai launi, musamman majolika, da dalma ake haɗa ruwan sheƙinsa, kuma sai farkon shekarun 1970 hukumomin Amurka suka fara sa iyaka kan dalma a kayan cin abinci. Saboda haka wanda ya girmi wannan, ko wanda fuskarsa ta yi tsage-tsage kamar saƙar gizo, ado ne kawai.

Jere

Uku da suka dace da juna sun fi goma da aka tara barkatai. Ki zaɓi zare ɗaya ki bi: ko duk tik, ko duk zagayayyu, ko duk na ƙasa ɗaya. A kan kanta, babba a baya a jingine, ƙanana a gabansa suna ɗan rufe shi, mai murfi a gefe ya ba da tsawo. Kada ki huda tsohon katako don rataya, akwai ƙarfen riƙe faranti da 'yar kujerarsa. Farin akushi ba a samunsa, amma baƙin akushinmu da faifai mai launi suna zama kusa da jan tik kamar dangi.

Ki nisanta su da murhu saboda tururi da maiƙo, da taga mai rana saboda tana kashe launi. Katakon da ya shekara hamsin a ƙasa mai laima, in ya zo arewa, hunturu ne jarrabawarsa. Ki shafa masa mai tun watan Nuwamba kafin iska ta juya, ki maimaita kowane wata har zafi ya shigo. Da damina kuma ki riƙa ɗaga shi daga bango kina duba bayansa, ki ɗage murfin gilashi lokaci-lokaci, don fumfuna a ƙarƙashinsa take fara fitowa.

Ranar da baƙi za su zo

Cuku kala uku ya wadatar: mai laushi kamar Brie ko Camembert, matsakaici kamar Gouda ko Edam na Holan, mai tauri kamar Cheddar ko Comté. Ki ƙiyasta giram 80 zuwa 100 ga kowane mutum in shi ne abin taɓawa, ƙasa da haka in bayan abinci ne. Ki karanta jikin kwali. Cuku da yawa da wani sinadari daga tumbin ɗan maraƙi ake daskarar da madararsa, Parmigiano na Italiya ma dokarsa ce ta wajabta haka. Mai son kauce wa shubuha sai ta nemi mai tambarin halal ko wanda aka ce ya dace da marasa cin nama. Époisses na Faransa da barasa ake wanke bayansa. Mai juna biyu kuma a ba ta mai tauri, masu laushin nan da na ɗanyar madara likitoci suna hana ta.

Namu ma yana hawa katakon nan ya zauna daram. Busasshen cukun Nijar, mai faɗi da zanen tabarma a jikinsa, ki kakkarya shi ki jingina. Cukun Fulani da ake daskarwa da ruwan tumfafiya, wanda 'yan zango a Gana ke kira wagashi, ki soya shi ya yi ja, ki tsane man, ki sa a ɗan kwano kafin ki ɗora, don maiƙonsa kada ya shiga katakon. Gefe ki cike da dabino, da yazawa, da soyayyar gyaɗa, da inabi, da yankan tuffa, da zuma a ƙaramin kofi, da kilishi a kan takardarsa saboda jan yajinsa yana rina ice.

A Turai suna fito da cuku daga firij awa ɗaya kafin a ci don ɗanɗanonsa ya buɗe. A zafin Kano ko Maraɗi minti ashirin ya isa, fiye da haka zai fara gumi. Ƙa'idar masu kula da lafiyar abinci ita ce kada abin da ke lalacewa ya wuce awa 2 a waje, awa 1 in zafi ya haura digiri 32. Nan dutsen mabul yake da rana: sa shi a firij rabin awa kafin ki jera, zai riƙe sanyi. Murfin gilashin ma da Turawa suke sawa don ado, a wurinmu maganin ƙuda ne.

Kowane cuku da wuƙarsa. Zagayayye ana yanka shi daga tsakiya kamar kek, mai kusurwa uku kuma ana bin tsawonsa, Faransawa suna ganin rashin ladabi ne mutum ya sare hancin ya bar wa na baya ɓawo. Ni dai a kan katakon yanka na kicin nake yanka rabin kowanne tun kafin sallama ta fara, in jera yankakkun a gaba. Baƙinmu da yawa ba za su ɗauki wuƙa a gidan mutane ba, za su yi ta kallo suna cewa alhamdulillahi sun ƙoshi, amma in a yanke yake hannu zai kai. Tsohon katakon kuma ya tsira daga sabon sawu.

Baƙi na fita, kafin ki cire mayafi, ɗauke shi da kanki ki yaye takardar, ki goge shi da matsattsen tsumma, ki jingina shi a tsaye can saman kanta. In kin bar shi cikin tarin kwanuka, yarinyar da ke taya ki wanke-wanke za ta tsoma shi a baho da kyakkyawar niyya, kamar yadda na yi wa nawa.